Maƙera a Cikin Wayar Hannu

Da bazarar bara na kwana uku a Lambara, a yankin Bodinga da Shagari, wajen ƙanwata. Wanda ya san Afrilun Sakkwato ya san ba a kwanan ɗaki: da rana zafi ya haura digiri 40, da dare kuma bango ya dinga amayar da abin da ya sha. Muna baje a tsakar gida bayan lisha, kowa da maficinsa, sai ɗan ƙanwar tawa, wanda ya gama karatun kwamfuta yana jiran tafiya bautar ƙasa, ya jingina wayarsa da gwangwanin madara, ya jona mata wani ɗan kibod, ya duƙufa. Allon baƙi ƙirin, babu hoto, babu abin dangwalawa, sai fararen haruffa suna gangarowa kamar jerin tururuwa.

Na ce, "Kai, mi kaka yi haka tun ɗazu?"

Ya ce, "Kawu, maƙera nika kafawa."

"To ina abin da ka ƙera?"

"Ba a kai nan ba tukuna."

Wani dillalin albasa ne, maƙwabcinsu, ya roƙe shi ya sama masa hanyar lissafi: buhu nawa ya karɓa daga wane manomi, nawa ya biya, nawa ya rage, nawa ne kuɗin dako da na mota. Yaron ya yi niyyar rubuta masa 'yar manhaja. Amma dare biyu cur bai rubuta layi ɗaya na lissafin albasa ba. Da farko na ɗauka lalaci ne irin na yaran zamani. Sai da na zauna kusa da shi ina tambaya yana amsawa na gane cewa ainihin gwanintar a waɗannan darare biyu take.

Abin da ke gabansa shi ake kira layin umarni, tsohuwar hanyar magana da kwamfuta tun kafin zuwan linzami da 'yan hotunan da muke taɓawa da yatsa. Ka rubuta abin da kake so, na'ura ta amsa maka da rubutu, shi ke nan. Salon da ake bi yau ya samo tushe ne daga Unix, tsarin da Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara ginawa a Bell Labs da ke Amurka a 1969. A 1973 aka ƙara masa wata dabara da Douglas McIlroy ya daɗe yana nacin a yi, wato bututu: abin da wannan kayan aiki ya fitar ya zarce kai tsaye cikin na gaba. Daga nan aka samu ɗabi'ar ƙera ƙananan kayan aiki, kowanne da aikinsa guda. Akwai grep mai tsamo layin da ke ɗauke da kalmar da kake nema, akwai sort mai jerawa, akwai wc mai ƙirga. Duk macen da ta taɓa kai gero daga dami zuwa tukunya ta san wannan tsari: a sussuka, a sheƙe, a surfa, a niƙa, a tankaɗe. Turmi ba ya aikin rariya, kuma ba wanda ya taɓa ganin laifinsa a kan haka.

Shi yaron ba kayan aiki guda yake son ƙerawa ba. Uwa yake so mai rassa. Ya raɗa wa uwar suna awo, reshen farko kuma na albasa, da tunanin gobe wani zai zo da maganar gero ko wake. Ya ce daga Git ya ari dabarar, wato manhajar adana tarihin aiki da Linus Torvalds ya rubuta a 2005. Idan ka rubuta git ka bi shi da kalmar da ba ta cikin umarninsa na asali, ba ya saurin cewa bai sani ba. Sai ya duba ko akwai wani fayil mai suna git, karan ɗori, sannan wannan kalma. In ya samu, ya miƙa masa aikin. Ta haka kowa zai iya ƙara wa Git reshe ba tare da ya taɓa cikinsa ba. Haka awo zai kasance: ka rubuta awo albasa, ya nemo fayil mai suna awo-albasa ya ba shi wuƙa da nama.

To a ina yake nema? Nan ne na fara jin daɗin zaman. Na'urar tana riƙe da wani jeri mai suna PATH, jerin jakunkunan da za ta leƙa duk lokacin da aka ba ta umarni. Tana farawa daga ta farko, ta bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma inda ta fara cin karo da sunan nan take tsayawa. Kamar ka aiki yaro kasuwa ne ka ce ya fara da rumfar farko, in babu ya wuce ta biyu. In rumfar farko tana da kayan, ko da tsoho ne ya sha ƙura, shi yaron zai kawo maka, bai ma san akwai sabo a rumfa ta uku ba. Ya ce mafi yawan kukan 'yan koyo daga nan yake fitowa: mutum yana da Python, wato harshen rubuta manhaja, har biyu a kwamfutarsa, ya girka kaya a cikin ɗaya, ya gudanar da aikinsa da ɗayan, ya kwana yana zargin aljanu. Shi kuwa kafin ya taɓa komai sai ya tambayi na'urar, da umarni guda, wane Python za ta ɗauko in ya kira sunan. Daƙiƙa biyu ce, amma ban ga ya tsallake ta ko sau ɗaya ba. Na tuna da mahautan da ba sa yanka sai sun shafa bakin wuƙa da babban yatsa.

Kwamfutarsa ta mutu tun kafin ya gama makaranta, shi ya sa waya ta zama maƙera. Manhajar da ke ba shi wannan baƙin allo ita ce Termux, wadda Fredrik Fornwall ya fara, tana kawo kayan aikin Linux cikin wayar Android. Daga rumbun manhajoji na F-Droid ya sauke ta, domin tsohuwar da ke Play Store ta daina samun sabuntawa a 2020. Da umarni ɗaya ya girka Python da Git da make. Sai dai waya tana da nata halin. Babban ma'ajin da hotuna da waƙoƙi ke zama ba ya yarda a ba fayil izinin gudana, don haka dole aikin ya zauna a cikin gidan Termux na kansa. Wanda bai san wannan ba zai iya ɓata yini yana ba fayil izini, na'ura tana yi masa shiru kamar ta amince, alhali ba abin da ya canza.

Daga nan sai killacewa, kuma a nan ya fi daɗewa yana yi mini bayani. Ba mai rubuta manhaja daga tushe shi kaɗai. Kowa yana jingina da ƙunshe-ƙunshen da wasu suka rubuta suka ajiye a rumbun jama'a. Na Python sunansa PyPI, yana nan tun 2003, kuma pip ne ɗan aiken da ke ɗauko kaya daga cikinsa. Matsalar ita ce kowane ƙunshi yana da siga-siga. Aikin albasa na iya buƙatar siga ta 8 ta wani ƙunshi, aikin da ka yi bara kuma ba ya tafiya sai da ta 7. In duk a wuri ɗaya kake zuba su, sabon zai kori tsohon, ka wayi gari aikin bara ya rushe ba ka taɓa shi ba. Ian Bicking ya fito da maganin wannan a 2007 da manhajarsa virtualenv, daga baya Python ta shigar da dabarar cikin jikinta a 2012 da sunan venv. Kowane aiki a yi masa danga, a ba shi ɗakinsa da kayansa. Abin da ya ba ni dariya shi ne da na tambayi yadda dangar take aiki, sai ya nuna mini ashe PATH ɗin nan ne dai: shiga killataccen ɗakin ba komai ba ne illa sanya jakarsa a farkon jeri, ta zama rumfar da yaro zai fara leƙawa. Abin ya zama ƙa'ida har ta kai daga 2023, tsarukan Linux irin su Debian 12 da Ubuntu 23.04 ba sa barin pip ya zuba kaya a tsakar gidan tsarin, sai su tura ka ka yi dangarka.

Ga wani hali nasa da ya burge ni fiye da duk wata dabara: rowa. Rowar jingina. Kafin ya ɗauko ƙunshin wani sai ya yi ta juya shi kamar mai sayen akuya. Don karanta umarnin da mai amfani ya rubuta, akwai ƙunshi mai farin jini da ake kira Click, na Armin Ronacher. Ya san shi, yana yaba shi, amma ya ce argparse da ke zuwa tare da Python ya ishe shi, ba sai ya ƙara bakin ciyarwa ba. Ya ba ni labarin abin da ya faru a Maris ɗin 2016, lokacin da wani mai rubuta manhaja, Azer Koçulu, ya janye ƙunshe-ƙunshensa daga rumbun npm bayan wata taƙaddama a kan suna. Cikinsu akwai left-pad, layi 11 kacal, aikinsa cike gurbi a hagun rubutu. Dubban ayyuka, har da manya irin su Babel, suka kasa ginuwa sai da aka mayar da shi. Layi 11! Wanda ya jingina rumbunsa da kara guda, ranar da aka zare karan zai sani. Abin da ya ɗauko ɗin kuwa, ɗaya bayan ɗaya ya rubuta sunansa da lambar sigarsa daidai a cikin fayil, domin wanda zai gina aikin baɗi ya samu irin abin da aka gina da shi bana.

A ganina wannan sana'a ta fi kaifi a wuri irin Lambara fiye da inda aka ƙirƙiro ta. Littattafan koyarwa da bidiyoyin intanet duk suna ɗauka cewa wuta tana nan, sabis yana nan, data ba ta ƙarewa: in abu ya lalace ka goge ka sake saukewa. A nan kuwa kowace saukewa kuɗi ce, kuma sabis ɗin kansa ba abin dogaro ba ne. Mutanen jihar ba su manta da Satumbar 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 saboda matsalar tsaro. Don haka yaron ya yi wa kansa rumbu. Ranar da ya samu data mai araha ta tsakar dare, sai ya sa pip ya sauke dukkan abin da aikin ke buƙata cikin jaka guda ba tare da girkawa ba. Bayan haka yana iya gaya masa kada ya leƙa intanet sam, ya ɗebo daga jakar. Har da wata ƙaramar lura: yana fifita ƙunshin da sunan fayil ɗinsa ya ƙare da none-any, alamar cewa Python ne zalla, zai yi aiki a waya, zai yi a kwamfuta. Wanda aka haɗa da harshen C kuwa, sai an gina shi a kan wayar, ta ɗauki zafi kamar dutsen guga, caji ya zube, ga mai shagon caji ya rufe tun tara.

Git ma ba ya buƙatar intanet, abin da mutane da yawa ba su sani ba domin sun haɗa shi da GitHub, wanda sai a 2008 ya zo. Duk tarihin aikin yana cikin wayar. In yana son ba abokinsa, sai ya ɗaure tarihin baki ɗaya a fayil guda ya tura ta Xender. Da ya nuna mini jerin canje-canjen, kowanne da sunan wanda ya yi, da rana, da dalili a taƙaice, sai hankalina ya tafi Sifawa, nan kusa, inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815. Masu kwafar littattafai na wancan zamani sukan rufe aiki da sunansu, wani lokaci har da ranar da suka gama, don mai karatu ya san hannun da rubutun ya biyo. Su ma kafin su ɗora alƙalami a takarda sai sun haɗa tawada da ƙaro, sun feƙe alƙalami, sun yi wa takarda layi. Da na faɗa masa haka sai ya yi murmushi kawai, ya ci gaba da bugawa. Yaran yanzu ba su cika son a mayar musu da komai tarihi ba.

A dare na biyu aka samu tangarɗa, kuma na gode Allah da aka samu, domin a nan na ga bambancin gwani da ɗan koyo. Abokinsa da ke Sakkwato ya gyara wani fayil a kwamfutarsa ya turo. Yaron ya gudanar, na'ura ta ce ba ta san wani abu mai suna python ba. Ga python kuwa a rubuce a layin farko, harafi shida, ba kuskure. Ni da nake kallo na fara jin haushi a madadinsa. Shi ko gezau. Ya ba da umarnin da ke tona alamomin da ido ba ya gani, sai ga wata 'yar alama, ^M, maƙale a ƙarshen kowane layi. Asalinta tun zamanin injin buga rubutu ne, inda sauka sabon layi motsi biyu ne: a mayar da kan injin farkon layi, sannan a ɗaga takarda. Windows ta riƙe alamomin biyu, dangin Unix suka riƙe ɗaya, kowa da al'adar gidansu. Na'urar tana neman python mai jela ne, shi kuwa babu shi.

Goge jelar aikin daƙiƙa biyar ne, kuma a nan ɗan koyo zai tsaya. Shi sai ya buɗe wani ɗan fayil mai suna .gitattributes ya rubuta layi guda da ke umartar Git ya daidaita ƙarshen layuka a duk na'urar da aikin ya sauka. Ya ce, "Kawu, in na gyara wanga fayil kaɗai, gobe wani ya zo da nashi."

Sai kuma rigimar haruffanmu. Tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson ɗin nan da Rob Pike suka tsara a 1992, shi ya ba ɓ da ɗ da ƙ da ƴ damar zama a kwamfuta lafiya, sai dai kowannensu gurbi biyu yake ci inda b ko d ke cin ɗaya. Kalmar ƙasa harafi huɗu ce, amma in ka sa wc ya ƙirga gurabe zai ce biyar. Jerawa ta fi wannan ban haushi. In ka bar Python ta jera sunaye yadda ta saba, lambar kowane harafi take bi, kuma lambobin masu lanƙwasa suna can bayan z. Sai ka ga Ɗahiru ya faɗo ƙasan Zubairu, dillali ya duba wajen D bai gan shi ba, ya ɗauka an cinye masa bashi. Tun kafin ya rubuta lissafin, yaron ya rubuta gwaji a kan wannan: ga sunaye biyar a hargitse, ga yadda ya kamata su fito, ɗ bayan d, ƙ bayan k. Ya gudanar da gwajin ya faɗi, ya ce madalla, haka ake so, yanzu ya tabbata gwajin yana gani, sannan ya gyara jerawar har gwajin ya wuce. Wannan ba ya cikin darasin da aka rubuta don masu Turanci. Sai wanda harshensa ke da lanƙwasa zai san ya sa shi a harsashin gini.

Duk matakan nan, daga kafa danga zuwa ɗebo kaya daga rumbu zuwa gudanar da gwaji, ya tattara su a fayil ɗin make, tsohon kayan aikin da Stuart Feldman ya rubuta a 1976. Make yana da wani tsohon aibi, dole layin umarni ya fara da alamar tab, in ka sa tazara ta yau da kullum ya ƙi, ga shi ido ba ya bambance su. Kibod ɗin yaron maɓallin tab ɗinsa ya fara sanƙarewa, sai ya danna da ƙarfi yana tsaki. Ya kuma girka awo a yanayin da duk gyaran da ya yi wa rubutun zai bayyana nan take ba sai ya sake girkawa ba, sannan ya rubuta ɗan bayani da Hausa na yadda baƙo zai tayar da aikin.

A dare na uku, bayan an ci tuwo, ya ce in matso. Ya sa wayar a yanayin jirgin sama, ya nuna mini babu sabis. Sannan ya rubuta umarni ya goge killataccen ɗakin gaba ɗaya, aikin da na ga ya kwana biyu a kai. Gabana ya faɗi.

"Kai! Lafiyarka?"

"Tsaya ka gani, Kawu."

Ya rubuta kalma biyu, make shirya. Haruffa suka fara gangarowa. Danga ta tashi, kaya suka fito daga rumbu, gwaje-gwaje suka gudana. Ban gama kurɓar ruwan da ke hannuna ba allon ya tsaya. Ya tambayi na'urar lambar da aikin ya fita da ita, ta ce 0. A wannan duniya tasu sifili shi ne lafiya lau, kowace lamba daban kuwa alamar matsala ce.

Lissafin albasar kansa bai kai shi ƙarfe ɗayan dare ba. Da safe dillalin ya zo da littafinsa mai bangon leda, duk ya sha maiƙo, ya zauna a kan benci yana karantowa yaron yana shigarwa. Sakamakon ya fito rubutu zalla, suna, buhu, biya, saura, wanda yaron ya kwafa ya tura masa ta WhatsApp. Dillalin ya bi jerin da yatsa, ya tsaya a kan wani suna, ya koma littafinsa ya ƙirga da baki, ya gyaɗa kai. Ya miƙe zai tafi, har ya kai bakin zaure, sai ya juyo.

"Malam ƙarami, abin ga naka yana yin gero?"

Yaron ya jawo kibod, ya buɗe sabon fayil babu komai a cikinsa, ya sa masa suna awo-gero. Ya ce, "Baba, tiya nawa kuka sa wa buhu?"